Gembu, Garin da Ya Shigo Najeriya da Ƙuri'a

Wanda ya kurɓi shayin Highland a teburin mai shayi a Kawo ko Unguwar Sarki a Kaduna, da wuya ya san cewa ranar 1 ga Oktoban 1960, tudun da ake noma ganyen ba ya cikin Najeriya.

Tudun Mambila ke nan, babban garinsa kuma Gembu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna a Jihar Taraba, dab da iyakar Kamaru. Jamusawa suka fara riƙe yankin, bayan Yaƙin Duniya na Farko ya koma amanar Ingila. A Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama, mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi Najeriya. Daga nan Kaduna Sardauna Ahmadu Bello ya yi zawarcinsu, shi ya sa aka raɗa wa lardinsu sunan sarautarsa.

Daga Mayo Selbe mota ke fara hawa, tana nishi, kwana bayan kwana, har ta kai tudun da tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600. A can za ka iske hazo ya rufe ciyawa da hantsi, makiyayi sanye da rigar sanyi yana kora garke. Babu ƙudan tsando, don haka Fulani suka kafa ruga kusa da gonakin Mambila da Kaka. A Kakara ake tsinkar ganyen shayi. Sai dai gona da kiwo a fili ɗaya sukan jawo rikici, kamar wanda ya ci rayuka a 2017.

Me ya sa na Kaduna zai damu? Domin tudun a bakin iyaka yake. A 1999, a tsaunukan Kargil da ke tsakanin Indiya da Pakistan, wani makiyayi ɗan ƙabilar Brokpa da ya fita neman dabbarsa ne ya fara hango mayaƙan da suka tsallako iyaka, ya kai wa sojojin Indiya labari. A kan dutse, mazauna ƙauye su ne idon hukuma, gama su suka san kowace 'yar hanya da kowace baƙuwar fuska.

Mutanen Mambila sun ba da ƙuri'arsu tun 1961. Tashar lantarki mai megawat 3,050 da aka daɗe ana yi musu alkawari har yau tana kan takarda. Wanda aka yi zawarcinsa ya amsa, bai kamata a bar shi da jiran gawon shanu ba.