Shin Ko Kun San? Jaki Ma Yana Da Doka, Amma Wa Zai Tsaya Masa?

Shin ko kun san cewa mai jakin da kuka gani a bakin Ƙofar Doka a Zariya ya lafta masa buhunan yashi har ƙafa tana rawa, yana kuma zabga masa sanda, laifi yake aikatawa a idon hukuma? Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta haramta dukan dabba da azabtar da ita da ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Har haɗa karon raguna da faɗan zakaru ta hana.

A Kudu kuwa, sashe na 495 na Kiriminal Kod ya yanke ɗaurin wata shida ko tarar naira 50. Naira 50 fa! Yau ko damin harawa ba za ta saya wa jakin ba.

To, shin kotu tana iya tilasta wa Ƙaramar Hukumar Zariya ta naɗa ma'aikacin da zai riƙa zagaya kasuwa da mahauta yana duba yadda ake wa dabbobi? A nan gizo yake saƙa. Akwai umarnin da lauyoyi ke kira mandamus, wanda Babbar Kotu ke bai wa hukuma cewa ta yi aikin da ta ƙi yi. Amma da sharaɗi: sai doka ta ɗora mata aikin ƙarara, a matsayin dole. In doka ta bar mata zaɓi, alƙali ba zai zaɓa mata ba. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya bai wa ƙananan hukumomi kula da mahauta da kasuwanni, da ba da lasin amalanke, da sa ido kan dabbobin da ake ajewa a gida. Bai ce a naɗa wane ko wance ba. Sashe na 20 ya yi maganar kare namun daji, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu shiga. Kama mai laifi dai aikin ɗan sanda ne, kuma kowa ya san ba jaki ne a gabansa ba.

Ƙofa ba a kulle take ba dai. A 1987 Kotun Ƙoli ta yarda Gani Fawehinmi yana da hurumin neman irin wannan umarni a kan daraktan gabatar da ƙara na Legas, game da kisan ɗan jarida Dele Giwa. Wato ɗan ƙasa yana iya tsayawa kan abin da ba shi aka yi wa ba.

A jihar New Jersey ta Amurka, majalisa ce ta yanke gardamar: dokar 2018 ta wajabta wa garuruwa su ware jami'in hana cutar da dabbobi. Ingila kuwa tun 1822 ta yi dokar hana cutar da shanu da dawaki, ƙungiyar kare dabbobi da ta zama RSPCA ta biyo a 1824.

Shin ko kun san malaman zaure na cikin birni sun daɗe da wannan karatu? A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a littafin Muhtasar, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya. In ya ƙi, alƙali yana tilasta masa ya sayar. Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya sa hana ɗora wa dabba aikin da ba ta iyawa cikin ayyukan muhtasibi, wato jami'in sa ido a kasuwa. A ganina nan ya kamata masu neman gyara su fara, domin Sarkin Pawa da dillalan zango sun fi jin wannan harshe.

Masana kuma ba nesa suke ba: Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru, cibiyar binciken kiwo tana Shika.

Ko a matakin nahiya ma jaki ya samu doka: a Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta haramta yanka jakuna don cinikin fatarsu, wadda ake kaiwa Sin ana haɗa magani da ita.