Sarkin da Ya Shigo Gari a Kan Jaki

Ana saura mako guda a yi Ista, a tsakiyar zafin bazara, unguwannin da ke kudu da kogin Kaduna kan wayi gari da jerin gwanon masu ɗauke da ɗanyen ganye. A Kakuri da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha za ka ga 'yan Katolika da 'yan Angilika sun taru a wajen majami'a, an sa wa ganyen albarka, sannan a taka a hankali ana waƙa ana kaɗa shi sama. Mafi yawa ganyen kwakwar manja ne, yara kan kitsa shi su mai da shi ɗan gicciye su maƙala a aljihun riga. Wasu majami'u ba sa fita titi, karatu da wa'azi suke yi a ciki. Wannan ita ce Lahadin Dabino, ranar da Kirista ke tuna shigar Yesu Almasihu Urushalima da tarbar sarauta da jama'a suka yi masa. Maƙwabci Musulmi, wanda shi ma a wurinsa Annabi Isa Almasihu ne ko da yake bai yarda an gicciye shi ba, yana iya tambaya: wace irin sarauta ce wannan, da kwana biyar bayan tarba aka kashe mai ita? A ganina amsar tana kan dabbar da ya hau, kuma amsa ce mai ɗora wa masu riƙe da ganyen nauyi fiye da yadda take faranta musu rai.

Marubutan Linjila, Matiyu da Markus da Luka da Yahaya, duk sun kawo labarin. Lokacin Idin Ƙetarewa ne, idin da Yahudawa ke tuna kuɓutarsu daga hannun Fir'auna, ga shi kuwa a lokacin suna ƙarƙashin Romawa. Birni ya cika maƙil da baƙi, zukata a kusa, shi ya sa gwamna Bilatus kan baro Kaisariya da sojoji ya zo ya sa ido. A cikin wannan hali Yesu ya aiki almajirai biyu su kwanto masa ɗan jaki, ya hau, ya gangaro daga Dutsen Zaitun. Jama'a suka shimfiɗa tufafinsu a hanya, suna kiransa ɗan Dawuda. Sun san abin da suke yi. Haka aka shimfiɗa wa Yehu tufafi ranar da aka naɗa shi sarki, kuma da rassan dabino Saminu na gidan Makabi da mutanensa suka shiga kagarar Urushalima a shekara ta 141 kafin haihuwar Almasihu, bayan sun fitar da sojojin baƙi. Mai ƙwatar 'yanci da takobi mutanen nan ke jira.

Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin yadda sarki ke shiga gari. Ya san hawan sallah, kuma a Kadunan nan aka yi babban hawan daba a 1956 don zuwan Sarauniyar Ingila: ingarma da kayan ado, 'yan lifidi da 'yan sulke, kakaki da algaita, mahaya na sukuwa su ja linzami a gaban sarki su yi jinjina. Jaki kuwa na dakon yashi ne da taki da itace, ba a sa masa sirdi sai akumari. Daga nan ne wasu ke cewa ai Yesu bai nemi sarauta ba sam, tawali'u kawai ya nuna, jama'a ne suka ɗora masa. Wannan bai yi daidai da labarin ba. Shi da kansa ya shirya hawan, kuma da Farisiyawa, wasu malaman Yahudawa, suka ce ya tsawata wa masu kirarin, ƙi ya yi. Annabi Zakariya ya riga ya yi maganar sarkin da zai zo wa Sihiyona, wato Urushalima, a kan ɗan jaki, kuma a aya ta gaba ya ce wannan sarki zai kawar da karusai da dawakan yaƙi, ya karya baka, ya yi wa al'ummai shelar salama. Ke nan Yesu ya karɓi sarautar a bainar jama'a, abin da ya ƙi shi ne dokin. Luka ya ce da ya hango birnin kuka ya yi, don birnin bai gane abin da zai kawo masa zaman lafiya ba. A shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu kuwa, bayan tawaye da makami, Romawa suka rushe Haikalin birnin.

Ƙalubale mafi zafi daga cikin gida yake fitowa, kuma bai kamata a raina shi ba. Da yawa daga cikin mazauna kudancin kogi rikicin shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau na 2002 ne suka koro su can, kamar yadda suka kori Musulmi da dama zuwa arewacinsa. A Janairun 2020 an sace ɗalibai huɗu a makarantar horar da limaman Katolika da ke Kakau, aka kashe ɗaya, Michael Nnadi. A Yulin 2021 an kwashe yara fiye da 100 daga makarantar Bethel Baptist a hanyar Kachia. Wanda ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa yana da hakkin ya ce, me sarki a kan jaki ya tsinana mini? Amma wanda ya hau jakin bai koyar da a naɗe hannu ba. Da ya shiga birnin Haikali ya nufa, ya kifar da teburan 'yan canji, ya faɗa wa manya gaskiya ido da ido har suka ƙulla kashe shi. Mabiyinsa na da ikon ya tsare gidansa, ya nemi hakkinsa a kotu, ya dami gwamnati da kuka har ta yi aikinta. Abin da aka hana shi guda ne, shi ne abin da aka hana almajirinsa Bitrus daren da ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist. Ranar 17 ga Yunin 2012, da aka kai wa majami'u hari a Zariya da Tirkaniya, wasu matasa sun tare hanyar Abuja a Gonin Gora suka huce a kan matafiyan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ba wanda aka mayar wa ransa da wannan jini, sai ma ramuwa da ta biyo baya, aka rufe gari da dokar hana fita.

Kada a ce wannan magana ce ta wanda bai taɓa jin jiki ba. Fasto James Wuye ya jagoranci matasa a rikicin addini na 1992, ya rasa hannunsa na dama a ciki. Daga baya shi da Imam Muhammad Ashafa, wanda shi ma ya rasa malaminsa da 'yan uwa a wancan rikici, suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a Kaduna, kuma da hannunsu a yarjejeniyar zaman lafiya da shugabannin addinan biyu suka rattaba wa hannu a Agustan 2002. Wata uku bayan haka gari ya sake kamawa da wuta. Ba su daina ba, har aikin ya kai su Yelwan Shandam da Kenya.