Moriki da Titin da Ya Ratsa Ta

Moriki tana kan titin da ya tashi daga Ƙaura Namoda ya nufi Shinkafi, cikin ƙaramar hukumar Zurmi. Mai garin Sarkin Burmi ake ce masa, na Zurmi Sarkin Zamfara, na Ƙaura kuma Sarkin Kiyawa. Sunayen sarautun nan kaɗai sun isa su nuna wa baƙo cewa tsohuwar ƙasa ya taka.

Wanda ke son ganin yankin cikin kyansa sai ya zo da kaka. Lokacin an yanke gero, an ɗaure damma an jingine a bakin gona, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje. Amalanken shanu ne ke kai da komo, yara a saman kaya suna shan rake. A ƙauyuka ana yaɓe rumbunan laka, ana yi musu sabuwar jinka. Idan rani ya tsaya, gulbin Gagare da na Bunsuru sukan janye su bar farin rairayi. Mata su tona shi kamu biyu ko uku, su jira ruwa ya tsatso ya kwanta, sannan su kwalfa da ƙoƙo su cika tulu. A gefe kuma masu lambu na ban ruwan albasa da tattasai.

Mai neman tarihi ma ba zai koma hannu rabbana ba. A ƙasar Zurmi Dutsi take, inda ake cewa sarautar Zamfarawa ta fara kafuwa, kuma har yanzu ana nuna dogayen kaburburan da ake dangantawa da sarakunan farko. Ta Zurmi Baturen Birtaniya Clapperton ya bi a 1824 zai je Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Bello. A 1853 Barth, mutumin Jamus, ya ratsa Zurmi da Dutsi da Badarawa. Ƙaura kuwa sunan Namoda ta ɗauka, jarumin Alibawa da ke cikin waɗanda suka ci Alƙalawa a 1808. A 1929 layin dogo daga Zariya ya iso ta Gusau ya tsaya a nan, gyaɗa da audugar yankin suka riƙa bin wagunu zuwa kudu. Tsohuwar tashar tana nan, sai dai hada-hadarta ta zama labari. Can wajen Shinkafi kuma akwai Tubali, garin makaɗi Narambaɗa.

Duk wannan yana nan, amma tafiyar ce ta canza. A da, ranar Alhamis tun asuba titin Moriki ke cika da motocin shanu da na hatsi masu zuwa kasuwar Shinkafi, har da fatake daga Nijar. Tun da 'yan bindiga suka yi sansani a dazuzzuka irin su Dumburum, direba ba ya tayar da mota sai rana ta ɗaga, sai kuma ya ga wata ta fito daga inda za shi. Ya sauke gilashi ya ce, "Yallaɓai, yaya hanya?" Idan aka ce lafiya lau, fasinja su yi ajiyar zuciya, wani dattijo a baya ya ce, "Allah shi kai mu lafiya." La'asar na yi, kowa ya nemi inda zai kwana. A Satumbar 2021 har layukan waya aka katse a jihar Zamfara, aka rufe kasuwannin mako.

Gonar nesa an bar ta, kowa ya matso bakin gari. Ziyarar dangi ta ragu, balle zuwa kallon kufai. Asarar da ba a cika lissafawa ba ke nan: yaron da aka haifa a Moriki yana iya girma bai taɓa zuwa Dutsi ba, ga ta a ƙaramar hukumarsu. Dattawan da suka san wane kabari ne na wane, da inda tsohuwar ganuwa ta bi, suna ta raguwa. Ɗaukar maganarsu a waya ko a takarda ba ya buƙatar rakiyar soja, kuma malaman makarantun garin da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura za su iya fara shi tun daga zaurukan unguwarsu.