Ɗan Kasuwa Da Tsufa: Jarin Da Ake Tarawa Domin Ranar Barin Rumfa

Duk ɗan kasuwa ya san lissafin uwar kuɗi da riba, ya kuma san ranar da wa'adin bashi zai cika. Amma kaɗan ne suke zama su yi lissafin ranar da ƙarfi zai ƙare, ƙafa ta kasa kai su rumfa. Wannan rana kuwa tana riskar mutane da yawa fiye da yadda aka saba a da. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai mutum miliyan 1,000, kuma za su kai miliyan 2,100 nan da shekarar 2050, mafi yawansu a ƙasashe masu tasowa irin Nijeriya.

Ma'aikacin gwamnati ya san ranar ritayarsa tun yana matashi, domin doka ta yanke masa shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki. Ɗan kasuwa ba shi da irin wannan rana a rubuce. Galibi rashin lafiya, ko karayar jari, ko raunin gani da ji, su ne suke yi masa ritaya, ba tare da sanarwa ba.

Abin da kasuwa take bai wa mutum

Kafin a fahimci halin da dattijo yake shiga idan ya bar kasuwa, wajibi ne a duba abin da kasuwar take ba shi. Na farko shi ne kuɗin shiga. Na biyu shi ne matsayi: shi ne mai gida, shi ake tambaya farashi, shi yake raba gardama tsakanin dillalai, shi yake tsaya wa baƙo. Na uku shi ne jama'a: maƙwabtan rumfa, abokan ciniki, yaran shago da waɗanda ake cin abincin rana tare da su. Har ila yau kasuwa ita take tsara masa yini, daga fitowar safe zuwa tashin yamma.

Ranar da mutum ya daina fita, waɗannan abubuwa sukan tafi gaba ɗaya. Iyali sukan lura da na farko kawai, su tabbatar da ci da sha da sutura, su ɗauka an gama. Alhali kuwa mutumin da ya shekara 40 ana neman shawararsa, idan ya wayi gari ba wanda ya tambaye shi komai, ya yi asarar da ba ta bayyana a littafin ciniki.

Abin da bincike ya nuna

Bayanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa kimanin kashi 14 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, waɗanda suka fi yawa su ne tsananin damuwa da fargaba. Hukumar ta ƙara da cewa kaɗaici da rashin cuɗanya da jama'a suna shafar kusan kashi ɗaya bisa huɗu na tsofaffi, kuma suna cikin manyan abubuwan da suke jawo waɗannan larurori.

Akwai masu ganin cewa wannan matsala ce ta Turai, tunda mu nan muna zaune ne cikin dangi. Binciken da aka yi a gida bai goyi bayan wannan zato ba. Wani nazari da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a kan mutane fiye da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama a yankin Yarabawa, wanda mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2007, ya gano cewa kimanin ɗaya daga cikin huɗu ya taɓa fama da ciwon tsananin damuwa a rayuwarsa. Ke nan mutum yana iya zama cikin gida cike da 'ya'ya da jikoki, amma yana cikin kewa.

A Amurka kuma, Jami'ar Harvard ta fara bin rayuwar wasu samari tun 1938 har zuwa tsufansu. Babban abin da aka gano shi ne, gamsuwar mutum da dangantakarsa da iyali da abokai yana ɗan shekara 50 ta fi yawan kitsen jininsa nuna irin lafiyar da zai samu yana ɗan shekara 80.

Alamun ciwon damuwa ga dattijo sun haɗa da rashin barci, ƙin abinci, yawan fushi, janye jiki daga mutane da ƙorafin ciwon jiki wanda likita bai ga dalilinsa ba. Sau da yawa akan ce halin tsufa ne kawai. Ba haka ba ne: ciwo ne, kuma yana da magani. Haka nan yawan mantuwa da ruɗewa larura ce ta asibiti, ba maita ba ce, ba kuma abin kunya ba ne. Masana sun lissafa hawan jini, raunin ji da kaɗaici cikin abubuwan da suke ƙara haɗarin cutar mantuwa, kuma dukansu ana iya rage su.

Kuɗin shiga da mutunci

Babu shakka kwanciyar hankali tana da wuya ga wanda sai ya roƙi ɗansa kuɗin magani. Dokar gyaran fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta tanadi cewa ma'aikaci ya riƙa ajiye kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai aikin kuma ya ƙara kashi 10. Sai dai akasarin 'yan kasuwa ba albashi suke karɓa ba. Saboda haka ne a watan Maris na 2019 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ƙaddamar da shirin ƙaramin fansho domin masu sana'ar kansu, inda mutum zai riƙa zuba abin da ya sawwaƙa kullum, ko mako-mako, ko wata-wata, tamkar adashi.

Duk da haka, hauhawar farashi babbar abokiyar gabar tsoho ce. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024. Mai ciniki yana iya ƙara farashin kayansa, amma wanda ya dogara da ajiya ba shi da abin ƙarawa. Don haka hikima ita ce a rarraba tanadi: wani a asusun fansho, wani a gida ko shagon haya, wani kuma a hannun jari cikin kasuwancin da aka bar wa magaji, bisa rubutacciyar yarjejeniya.

A ɓangaren hukuma, an yi dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2017, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sanya tsofaffi cikin marasa ƙarfin da asusu na musamman zai ɗauki nauyinsu. Waɗannan matakai ne masu kyau, amma har yanzu nauyi mafi girma yana kan mutum da iyalinsa.

Miƙa ragama sannu a hankali

Kuskure biyu ne suka fi yawa. Wani yakan riƙe mabuɗin sito har ranar da ya faɗi, ya bar magada ba su san masu bin bashi ko waɗanda ake bi ba. Wani kuma 'ya'ya ne sukan zaunar da shi a gida rana ɗaya, da sunan hutu. Hanyar da ta fi dacewa tana tsakiya: a soma koyar da magaji tun da sauran ƙarfi, a rubuta basussuka da amanar mutane, a rage kwanakin fita, amma dattijo ya ci gaba da zama mai ba da shawara da sasanta rigima. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma ƙungiyoyin kasuwa za su amfana idan suka ba irin waɗannan mutane kujera a kwamitocin sulhu.

Komawa gida ko zama a zango

Ga Hausawan da suka yi rayuwarsu a Sabo ta Ibadan, ko Agege da Mile 12 a Legas, ko kasuwar goro ta Shagamu, akwai wata tambaya ta daban. Da yawa suna burin komawa garinsu idan girma ya kama su. Amma wanda ya shekara 30 ko 40 a kudu yakan tarar sa'o'insa sun rasu, matasan gari ba su san shi ba, 'ya'yansa da abokansa kuma suna can inda ya baro. Gina gida a mahaifa bai wadatar ba. Zumunta a ƙafa take. Mai niyyar komawa sai ya riƙa zuwa a kai a kai, yana halartar suna da biki da jana'iza, tun shekaru kafin ranar. Wanda kuma ya zaɓi zama a zango, kada a ɗauka ya gaza.

Daga ƙarshe, tanadin tsufa jari uku ne: abin hannu, aikin da mutum zai ji yana da amfani, da mutanen da za su neme shi ko ba ciniki. Ana iya tara na farko cikin shekaru kaɗan idan kasuwa ta yi albarka. Sauran biyun ba a sayen su ranar da buƙata ta taso, sai wanda ya fara zuba su tun yana da ƙarfin fita rumfa.