Darasin Steyr na Bauchi: Sanin Ciwon Mai Saye Shi Ne Tushen Sunan Kamfani

BAUCHI — Duk ɗan kasuwar da ke son sunan hajarsa ya zauna a bakin jama'a, akwai tambayoyi biyu da ya wajaba ya amsa tun kafin ya biya kuɗin talla: wane ne mai sayen, kuma mene ne ainihin abin da ke damunsa? Tarihin kamfanin Steyr na Bauchi ya ishi mai neman amsa misali.

An kafa kamfanin ne a shekarun 1970, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Tarayya da kamfanin Steyr-Daimler-Puch na ƙasar Ostiriya, domin harhaɗa taraktoci da manyan motoci. Yana cikin jerin masana'antun motoci na wancan zamani, irin su Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan da ANAMMCO a Inugu. Lokacin ya zo daidai da shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo a 1976, da kuma shirin bunƙasa noma na Shugaba Shehu Shagari a 1980.

Labarin da aka ɗora sunan kamfanin a kai, labari ne na matsalar ƙasa, wato ƙarancin abinci, da kwararar kuɗin musaya zuwa waje, da buƙatar masana'antu. Saboda haka gwamnatoci da hukumominsu ne suka zama manyan masu saye.

Amma matsalar manomin Bauchi daban take. Akasarin manoman jihar ƙananan gonaki gare su, waɗanda amfaninsu ba zai biya kuɗin tarakta ba. Damuna kuma gajera ce, watanni kaɗan ne tsakanin saukar ruwa da ɗaukewarsa. Abin da ke hana manomi barci shi ne a yi masa kaftu da huɗa a cikin makon da ruwan shuka ya sauka, a kan kuɗin da zai iya biya, sa'annan idan injin ya lalace a sami kayan gyara a kusa. Wannan ne ya sa garmar shanu ba ta rasa kasuwa ba.

Da kuɗin man fetur ya faɗi a shekarun 1980, aljihun gwamnati ya yi sanyi. Bugu da ƙari, shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, sassan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada. Masana'antun harhaɗa motoci suka shiga mawuyacin hali, na Bauchi ma bai tsira ba, domin babban mai sayensa ya ja baya, ƙaramin manomi kuwa ba shi da ƙarfin maye gurbinsa.

A 2014 aka kafa kamfanin Hello Tractor, wanda ya fara aiki a Nijeriya, ya kuma dubi al'amarin ta ɓangaren manomi. Ya ɗauka cewa abin da manomi ya rasa shi ne aikin tarakta a kan lokaci. Sai ya riƙa haɗa masu tarakta da manoma ta wayar salula, wakilai na tara gonakin yanki guda domin hayar ta biya mai injin.

Darasin ya shafi har mai shago a Kasuwar Wunti ko Muda Lawal. Ya kamata ɗan kasuwa ya iya faɗin matsalar mai sayensa a jimla guda, da irin kalmomin da mai sayen ke amfani da su. Ya kuma tantance mai biyan kuɗi da mai amfani da kayan, domin sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne. Hanyar samun amsar ita ce a je a tambaye shi, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.