Yadda ake yin babban hoton wasan bidiyo da ƙwayoyin roba masu narkewa

Mai karatu, idan kun matsa kusa da hoton tsohon wasan bidiyo, za ku ga ba a zana shi da layi mai santsi ba. An tara ƙananan gidaje ne masu kusurwa huɗu, kowane gida da launinsa guda. Gida ɗaya shi ake kira fiksil, wato ɗigon hoto. Akwai sana'ar hannu da ke fitar da waɗannan hotuna daga cikin na'ura ta maida su abin da ake riƙewa a hannu ko a rataye a bango. Ana yin ta da ƙananan ƙwayoyin roba masu rami a ciki, waɗanda zafin dutsen guga ke narkar da su har su manne da juna. Ƙaramin hoto aikin sa'a ɗaya ne. Babba kuwa yana cin kwanaki da dubban ƙwayoyi, kuma guga ɗaya marar kyau tana iya ɓata shi duka.

Asalin ƙwayoyin da hotunan

A farkon shekarun 1960 wani mutumin ƙasar Suwidin mai suna Gunnar Knutsson ya yi rajistar allo mai tsinkaye da ake jera ƙwayoyi a kansa. An fara amfani da shi a gidajen kula da tsofaffi, domin hannuwansu su samu abin yi. Daga baya ya shiga makarantun yara. A yau fitattun masu ƙera ƙwayoyin sun haɗa da Hama a ƙasar Danmak da Perler a Amurka. Ƙwayoyin Hama girma uku ne: ƙarama mai milimita 2 da rabi, matsakaiciya mai milimita 5, da babba mai milimita 10. Duk lissafin da ke cikin wannan bayani na matsakaiciyar ne. Robar da ake yin su da ita tana narkewa a zafin da ya ɗan zarce na tafasasshen ruwa, shi ya sa dutsen guga ya wadatar.

Su kuma hotunan, daga Japan mafi yawansu suka fito. Kamfanin Taito ya fitar da Space Invaders a 1978, Namco ya fitar da Pac-Man a 1980, Nintendo kuma ya fitar da Super Mario Bros. a 1985. Na'urorin wancan zamani ba su da ƙarfin riƙe ɗigo da launi masu yawa. Ƙaramin Mario na 1985 bai wuce gida 16 a tsaye da 16 a kwance ba, kuma launinsa uku ne kawai. Hularsa da gashin bakinsa ma dabara ce ta mai zanensa, Shigeru Miyamoto, domin fitar da suma da baki a cikin ɗigo kaɗan abu ne mai wuya. Wannan ƙarancin shi ya sa hotunan suka dace da ƙwayoyi: ɗigo ɗaya, ƙwaya ɗaya.

Ku fara da lissafi

Kada ku sayi kome sai kun san girman abin da za ku yi. Babban allo mai kusurwa huɗu yana da tsinke 29 a tsaye da 29 a kwance. Idan aka ninka, yana ɗaukar ƙwaya 841, faɗinsa kuma kusan santimita 15. Gefunansa suna da haƙora da ke shiga cikin na wani allo, don haka ana iya haɗa alluna da yawa su zama fili guda.

Ga misali. Fuskar na'urar Game Boy ta 1989 tana da ɗigo 160 a kwance da 144 a tsaye. Ku ninka 160 sau 144, za ku samu dubu 23 da 40. Yawan ƙwayoyin da za su cika hoton ke nan. Tun da kowace ƙwaya rabin santimita ce, hoton zai kai santimita 80 a faɗi da 72 a tsayi. Zai buƙaci allo 6 a kwance da 5 a tsaye, wato allo 30. Fuskar na'urar da aka yi wasan Mario a kanta ta fi haka: ɗigo 256 da 240, wato ƙwaya dubu 61 da 440, a kan allo 81, faɗin hoton kuma santimita 128.

Akwai wata hanyar girmama hoto. Ana ɗaukar ƙaramin hoto a sa ƙwayoyi da yawa a madadin ɗigo ɗaya. A nan mutane kan yi kuskure. Idan kun ninka tsayi da faɗi sau biyu, ƙwayoyin sau huɗu suke ƙaruwa. Idan kun ninka sau huɗu, sau 16 suke ƙaruwa. Filin Mario mai gida 16 da 16 santimita 8 ne. In aka ninka shi sau huɗu zai zama gida 64 da 64, santimita 32, a kan allo 9.

Bayan jimla, ku ƙidaya kowane launi daban. Ana sayar da ƙwayoyin cikin ƙunshi, misali na ƙwaya 1000. Ku ƙara kashi ɗaya cikin goma a kan abin da kuka ƙidaya, domin wasu za su zube, wasu kuma ba su fito da kyau daga masana'anta ba. Ku sayi duka daga kamfani ɗaya. Ƙwayoyin kamfanoni daban-daban ba sa narkewa lokaci guda, sai wata ta baje alhali maƙwabciyarta ba ta ko kama ba.

Zana taswirar aiki

Littafin rubutu mai ƙananan gidaje na milimita 5, irin na ƴan makaranta, ya dace da wannan aiki sarai, domin gidansa daidai yake da ƙwaya. Ku manna takardu har su kai girman hoton, ku cika kowane gida da launinsa. Sa'an nan ku ja layi mai kauri bayan kowane gida 29, a tsaye da a kwance. Kowane yanki allo ɗaya ne. Ku ba shi lamba, ku rubuta lambar a takarda da kuma bayan allon. Duk wanda ya taɓa ƙidayar zare wajen ɗinkin hula, ko ƙidayar kaba wajen fitar da zane a tabarma, ya riga ya san tushen aikin.

Jera ƙwayoyi

Ku ajiye allunan a kan tebur ko katako mai lebur, inda yaro ko kaza ko iska ba za su taɓa ba. Ƙwayar da ba a guge ba tsaye kawai take a kan tsinke, girgiza kaɗan na zubar da aikin yini guda. Ku raba launuka cikin ƙananan kwanoni, ku riƙa ɗauka da matsefata. Ku fara da layin da ya kewaye hoton, daga baya ku cika ciki. Duk layin da kuka gama, ku gwada shi da taswira kafin ku wuce. Kuskuren gida ɗaya a layi na farko yana karkatar da duk abin da ya biyo baya. Ku yi aikin da hasken rana, domin da dare baƙi da shuɗi mai duhu suna kama da juna. In za ku tashi, ku kifa babban faranti a kai.

Ɗauke hoto daga allo

Ana iya guge ƙaramin hoto yana kan allo. Babba kuwa yana daɗewa ƙarƙashin zafi, zafin kuma yana lanƙwasa allon har ya daina amfani. Saboda haka masu manyan ayyuka suna amfani da salatif na takarda, irin na masu fenti. Ku shimfiɗa shi layi-layi a kan ƙwayoyin, kowane layi ya ɗan hau kan na gabansa. Ku danna da bayan cokali har kowace ƙwaya ta kama. Ku huda salatif ɗin da allura daidai ramukan ƙwayoyi, domin iska mai zafi ta samu mafita. Sa'an nan ku ɗora kwali mai ƙarfi a kai, ku juya gaba ɗaya, ku ɗage allon a hankali. Yanzu bayan hoton ne ke kallon sama, shi za a guge. Da wannan dabara ko mai allo huɗu zai iya yin babban hoto, yanki bayan yanki.

Guga

Ku shimfiɗa takardar guga da ake sayarwa tare da ƙwayoyin, ko takardar da ake gasa kek a kanta. Kada ku sa jarida ko leda, kuma kada ƙarfe ya taɓa roba kai tsaye. Zafi matsakaici ake so, ba tare da tururi ba. Ku riƙa zagaya dutsen a hankali, kada ku danne, kada ku tsaya wuri ɗaya. Idan launin ƙwayoyi ya fara bayyana sosai ta cikin takardar, sun fara kamawa. Ku ɗaga gefe ku duba. In wata ƙwaya ta biyo takarda, ku maida ta ku ƙara guga.

Dutsen guga na gawayi yana iya aikin, amma zafinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ku bari ya ɗan huce, ku gwada shi a kan ƙaramin yanki na ƙwaya goma da goma, kuma ku kula da toka da tartsatsi. Ku yi guga inda iska ke shiga.

Roba tana lanƙwashewa lokacin da take hucewa. Da kun gama, ku ɗora katako mai lebur da abu mai nauyi a kai, ku bar shi ya huce sarai. Bayan haka ku ɓare salatif. In kuna son ƙarin ƙarfi, ku ɗan guge fuskar hoton ita ma. Idan yanki-yanki kuka yi, kada ku narkar da layukan baki sosai a gugar farko. Ku jera yankunan bisa lambobinsu, bayansu na sama, ku matse su, ku guge mahaɗar. Babban hoto ba ya ɗaukar nauyin kansa, don haka ku manna shi a kan katako marar kauri kafin ku rataye shi, nesa da rana da murhu.

Abubuwan kiyayewa

Ƙwayoyin ƙanana ne ƙwarai. Yaro ɗan ƙasa da shekara uku yana iya haɗiye su ko ya cusa a hanci, saboda haka ku rufe su, ku share waɗanda suka zube. Manyan yara suna iya jerawa, amma guga aikin babba ne.

Game da ciniki kuma, Mario da Pac-Man dukiyar kamfanonin da suka ƙirƙiro su ne. Yin su don koyo ko adon ɗaki daban yake da sayar da su. Wanda ke son ya maida aikin hanyar samun kuɗi, gara ya zana nasa: dagi, zanen hula, raƙumi, tutar ƙasa, ko suna da manyan baƙaƙe. Kafin ya yanke farashi, ya haɗa kuɗin ƙwayoyi da salatif da katako da kwanakin da ya yi.

Ku fara da allo ɗaya. In gugarsa ta fito daidai sau biyu ko uku, ku haɗa huɗu, daga nan tara. Asarar ƙwaya 841 wajen koyo ta fi sauƙi a kan asarar dubu 23.