Wasiƙar da babu suna: Darasin da 'yan kasuwa za su koya daga abin da ya sami eBay

Sau da yawa idan maƙwabci ya dami ɗan kasuwa da ƙorafi, ko wani ya riƙa sukar hajarsa, zuciya kan raya masa ya rubuta wasiƙa ba tare da suna ba, ya watsa a unguwa. A ganinsa, tunda babu sa hannu, babu mai kama shi.

Kamfanin cinikin intanet na eBay ya ga ƙarshen irin wannan lissafi.

A watan Agustan 2019, wasu ma'aikatan kamfanin suka sa wa wasu ma'aurata ƙahon zuƙa a garin Natick da ke jihar Massachusetts a Amurka, saboda rahotannin da suke wallafawa kan kamfanin a shafinsu.

Sun riƙa tura musu saƙonnin barazana da sunayen bogi, suka aika musu kyankyasai masu rai da furannin jana'iza. Har mujallun batsa suka aika gidajen maƙwabta ɗauke da sunan mijin, don su zubar masa da mutunci.

Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. 'Yan sanda sun bi sawun motar haya da aka riƙa bibiyar ma'auratan da ita, har suka kai ga ma'aikatan.

Mutum bakwai suka amsa laifi. A 2022 aka yanke wa James Baugh, tsohon babban jami'in tsaron kamfanin, ɗaurin wata 57. A Janairun 2024 eBay ya amince ya biya tarar dala miliyan 3.

Me doka ta ce a nan gida?

A kundin Penal Code na Arewacin Najeriya, sashe na 391 ya bayyana ɓata suna a matsayin laifi, sashe na 392 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun.

Idan akwai barazana a wasiƙar, ɓoye sunan ma ƙarin laifi ne a ƙarƙashin sashe na 398. Ban da haka, wanda aka ɓata yana da damar neman diyya a kotu.

Kuma gano marubuci ba shi da wuya kamar yadda ake zato: akwai yaron da ya kai saƙon, kyamarar tsaro, lambar waya, da bayanin da mutum ɗaya ne kawai ya san shi.

Mafita ita ce a fito fili. Ka rubuta da sunan shagonka, ka faɗi abin da ya faru da ranar da ya faru, ka guji zargin da ba ka da hujja a kansa. Idan abin ya faskara, akwai mai unguwa, ƙungiyar 'yan kasuwa da lauya.

Ƙorafin da ba za ka iya sa wa hannu ba, ka ajiye shi a aljihu.